Labarin Andrew Foster, Malamin Kurame

A hutun da ya wuce na je Anaca wurin kawuna, mai sayar da albasa a Kasuwar Relief. Can na tarar da wani tsoho bebe, mutumin Kano, da wani saurayi kurma wanda ya yi makaranta a Inugu, suna ta gardama da hannu a kan kuɗin dako, amma ba wanda ya fahimci wani sosai. Ashe maganar hannu ma iri iri ce! Neman dalilin wannan shi ya kai ni ga labarin Andrew Foster.

Shi dai baƙar fata ne, an haife shi a Alabama ta ƙasar Amurka cikin 1925. Yana da shekara 11 sanƙarau ya kama shi, ya warke amma ba ya ji. Mu da mu ka san ɓarnar sanƙarau lokacin zafi, ba sai an gaya mana ba. Da ya tasa sai ya tafi birnin Detroit, yana aikin ƙarfi da rana, yana karatu da dare. Cikin 1954 ya gama kwalejin kurame ta Gallaudet, shi ne kuwa baƙin mutum na fari da ya sami digiri a can.

Nufinsa ya zo Afirka, amma ƙungiyoyin mishan su ka ƙi ɗaukarsa. Ni da na tashi a hannun 'yan mishan, wannan ya ba ni kunya ƙwarai. Sai ya kafa tasa ƙungiya cikin 1956, ya shiga zaga majami'u yana lacca domin neman gudummawa. Cikin 1957 ya sauka Ankara ta ƙasar Gana, ya ari aji guda ya fara koyarwa. Sa'an nan ya buɗe makaranta a Badun cikin 1960, daga baya Kaduna da Inugu. Ya rasu cikin hatsarin jirgin sama a Ruwanda cikin 1987, ya bar makarantu sama da 30 a ƙasashe 13.

Abin da ya fi dacewa da mu masu koyon malanta shi ne dabararsa. A zamanin nan malamai da yawa su kan hana yaro kurma motsa hannu, wai sai ya dubi leɓe ya koyi furta magana, har yaro ya shekara bai gane kome ba. Foster kuwa ya yarda da hannu da rubutu da leɓe duka. Bugu da ƙari, kurame ya horar su zama malamai, domin yaro ya ga mai irin larurarsa tsaye gaban allo da alli a hannu.

Amma fa akwai inda na ke ganin aikin ya gaza. Alamun da ya kawo na Amurka ne, alhali kuwa bebayen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni, wadda har masu ji a kasuwa su kan taɓa. Makaranta ba ta ɗora a kanta ba. Shi ya sa yaron makaranta ya kan raina ta tsofaffi, tsofaffi kuma su ga tasa baƙuwa ce.

Gardamar nan ta kasuwa kuwa, kawu ne ya raba ta. Ya zube kuɗin a kan buhu, ya ƙirga wa kowa nasa da yatsa.