Murtala Muhammed kafin mulki: Hafsan sadarwa da ya tsinci kansa a tsakiyar rikicin 1966

Mafi yawan 'yan Najeriya sun san Janar Murtala Ramat Muhammed ne da hotonsa da ke jikin takardar naira ashirin, da kuma watanni shida da 'yan kwanaki da ya yi yana mulki kafin a kashe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, aikin da ya fara ƙwarewa a kai a soja na wayoyi ne da na'urorin oba-oba.

An haife shi a Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda yanzu ake kira Barewa, ya shiga soja a 1958. Daga nan aka tura shi makarantar horas da hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, ya fito da muƙamin laftana na biyu a 1961, ya kuma yi kwas na sadarwa a Catterick.

Bai daɗe da dawowa ba aka tura shi Kongo cikin dakarun kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1962, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, ya zama dogarin Dakta Moses Majekodunmi, wanda aka naɗa kantoman yankin. A nan matashin hafsan ya ga siyasa ido da ido, a daidai lokacin da rikicin Awolowo da Akintola ke ci kamar wutar daji.

Ya riƙe sashen sadarwa na Birged ta Ɗaya a Kaduna, sannan ya koma Apapa a Legas yana Manjo. Muƙami ne da ba ya jan ido, amma duk saƙon da zai tashi daga hedikwata zuwa barikoki ta hannun mutanensa yake bi.

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya ci rayukan Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello, da manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Mohammed. Janar Aguiyi-Ironsi, wanda ya karɓi mulki, ya ƙara wa Murtala girma zuwa Laftana-Kanar, ya bar masa ragamar sadarwar rundunar ƙasa. Ironsi bai gurfanar da maharan Janairu ba, ya kuma soke tsarin tarayya da Doka ta 34 a watan Mayu, lamarin da ya ƙara tunzura sojojin Arewa.

Ranar 29 ga Yuli aka yi juyin ramuwar gayya, Murtala na sahun gaba yana ɗan shekara 27. An kashe Ironsi da Adekunle Fajuyi a Ibadan, an kuma kashe hafsoshi da ƙananan sojoji 'yan ƙabilar Ibo da dama a barikoki. A barikin Ikeja, Murtala na cikin masu son a raba ƙasar, Arewa ta kama gabanta. An shafe kwanaki ana ja-in-ja kafin a sauko, aka miƙa mulki ga Yakubu Gowon, wanda ya girme shi a aiki.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, aka ba shi Runduna ta Biyu da aka harhaɗa cikin gaggawa. Ya ƙwato Benin daga dakarun Biyafara, amma a ƙarƙashinsa aka yi wa ɗaruruwan farar hula kisan gilla a Asaba cikin Oktoba, sannan yunƙurinsa na ƙetare Kogin Neja zuwa Onitsha ya salwantar da sojoji masu yawa.