Tarihin John Kemp Starley, Maƙerin Keke

Da wuya a sami ɗalibi a makarantar nan wanda babu keke a gidansu, ko na mahaifinsa ko na wansa. Amma in aka tambaye mu wanda ya fito da keke a wannan siffa da muka san shi, sai mu yi tsuru-tsuru. Shi ya sa na ga ya kamata in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu taƙaitaccen tarihin mutumin, wani Baturen Ingila mai suna John Kemp Starley.

An haife shi a Walthamstow, kusa da birnin Landan. Mahaifinsa mai aikin lambu ne. A shekarar 1872, yana saurayi kusan tsaranmu, ya tafi garin Coventry wurin baffansa James Starley, wanda ya yi suna wajen ƙera keken ɗinki da keken hawa. A hannunsa ya koyi aiki. Da ya ga hannunsa ya faɗa, sai a 1877 ya haɗa jari da wani abokinsa, William Sutton, suka buɗe nasu wurin, suka fara da ƙera kekuna masu ƙafa uku.

Keken wancan zamani, in ɗayanmu ya gan shi yau, dariya zai yi. Ƙafar gaba ƙatuwa ce, tsayinta ya kan haura inci 50, ta baya kuwa 'yar mitsitsiya. Babu sarƙa. A jikin ƙafar gaba feda take, saboda haka juyin feda ɗaya, juyin ƙafa ɗaya ke nan. Mai son sauri dole ya nemi babbar ƙafa, ya ɗare can bisa kamar wanda ya hau raƙumi. Da ƙafar ta ci karo da ɗan dutse ko rami, sai mahayi ya wuntsila ta gaba, ya faɗo da ka. An sha karaya, wasu ma sun rasa ransu. Ba tsoho, ba mace, sai samari masu ƙarfin hali ke hawansa.

Gaskiya ba Starley ne ya fara tunanin sa wa keke sarƙa ba. Wani mai suna Harry Lawson ya gwada a 1879, amma nasa bai sami kasuwa ba. A farkon 1885 Starley ya fito da nasa, ya sa masa suna Rover. Sarƙa ce ke juya ƙafar baya, mahayi kuma ya sauko ƙasa-ƙasa, ya zauna tsakanin ƙafafun biyu.

To, sai dai da sauran rina a kaba. Ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe ƙafar gaba, wanda masu gyaran keke ke kira fok, a miƙe yake tsaye kyam a keken nan na farko. Saboda haka ya yi wa hannun mahayi nisa, sai da aka sa wasu sandunan ƙarfe suka haɗa shi da kan keke. Tuƙinsa ba daɗi. Kafin shekarar ta ƙare Starley ya sake ƙira. Ya kishingiɗar da fok, samansa ya karkato wajen mahayi, ya ɗora kan keke a bisansa kai tsaye, ya zubar da sandunan nan. A ganina, duk cikin aikinsa babu dabarar da ta kai wannan, ko da yake ita ce ba a cika ambata ba. Wannan kishingiɗa tana cikin abin da ke sa ƙafar gaba ta riƙa neman daidaita kanta in keke na gudu. Ita ce ke rufa wa yaran nan asiri, masu sakin hannu a kan titi don a gan su.

Da fari mahaya dogon keke sun raina Rover, suna ganin na matsorata ne. Sai kamfanin ya shirya tseren mil 100 a watan Satumba na 1885. Wani mahayi, George Smith, ya gama cikin awa 7 da minti 5, saurin da ba a taɓa yi ba a wannan nisa. Nan bakin masu raini ya mutu. A 1888 kuma wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya fito da taya mai iska a maimakon ta dunƙulen roba mai jijjiga ƙashi. Cikin 'yan shekaru kaɗan dogon keke ya zama labari, mata da dattawa suka shiga hawa.

Allah bai ba Starley tsawon rai ba. Ya mutu kwatsam ranar 29 ga Oktoba, 1901, bai cika shekara hamsin ba. Bayansa kamfanin Rover ya shiga ƙera babur, a 1904 ya fara mota, a 1948 kuma ya fito da Land Rover, wadda kakanninmu suka sani da Landiroba. A ƙasar Folan har yau da sunan Rover suke kiran kowane irin keke.

Wani abin da ya ba ni sha'awa shi ne labarin keken hawan duwatsu. A wajejen 1977 wasu samari a Kalifoniya ta Amurka, irin su Joe Breeze, suka fara ƙera kekuna masu kaurin taya don gangarowa daga kan dutse. Fok ɗinsu sandararre ne na baƙin ƙarfe, a kishingiɗe kamar na Starley. Sai wajen 1989 kamfanin RockShox ya kawo mai shanye gargada. Yanzu masu ajiye waɗancan tsofaffin kekuna, in fok ya lanƙwashe, ba safai na kanti ke shiga ba, domin wuyan yawancinsu inci 1 ne, na zamani kuwa sun fi haka kauri. Dole su je wurin maƙeri ya auna tsawon reshen da yadda bakinsa ya turo gaba, ya yanka bututun ƙarfe ya ƙera musu sabo. In awon ya kuskure ko da kaɗan ne, tuƙin keken ya canza ke nan.