GERTY CORI (1896–1957): MAI BINCIKEN AJIYAR SUKARI A JIKI

Gabatarwa

Duk wanda ya ci tuwon dawa ko dankali ko rogo, to sitaci ya ci, wato abincin da tsiro ke tarawa a ƙwayarsa ko a saiwarsa. Idan sitaci ya narke a ciki, sai ya koma wani sukari da masana ke kira gulukos, wanda jini ke rarraba wa gaɓoɓi. Abin da ya yi saura kuwa, jiki kan sarƙa shi ya ajiye a hanta da tsoka. Wannan ajiya ita ce gilaikojin, wadda masanin nan na Faransa, Claude Bernard, ya gano a 1857. Hantar baligi kan riƙe kimanin giram 100, tsokarsa kuma kimanin giram 400. Ana samun gilaikojin har a jikin bakteriya da yis, kuma masana na ganin cewa daga hanyar sarrafa shi ne tsirrai suka samo hanyar yin sitaci. Sai dai an daɗe ba a san yadda jiki ke buɗe wannan rumbu ba, har zuwa lokacin da Gerty Cori da mijinta Carl suka duƙufa a kan batun.

Haihuwa da Karatu

An haifi Gerty Theresa Radnitz a ranar 15 ga Agusta, 1896, a birnin Prague, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangare. Iyayenta Yahudawa ne, mahaifinta kuma masanin sinadarai ne mai kula da masana'antun sukari. Makarantar 'yan matan da ta halarta ba ta ba ta isasshen Latin da lissafi da kimiyya ba, alhali sai da su ake shiga jami'a. Ta zage damtse ta cike wannan giɓi, ta ci jarrabawa, ta shiga sashen koyon likitanci na Jami'ar Jamusawa ta Prague a 1914. A can ta haɗu da Carl Cori. Sun kammala karatu tare a 1920, suka kuma yi aure a birnin Viyana a wannan shekarar.

Yaƙin Duniya na Farko ya bar Viyana cikin yunwa. Gerty, wadda ke aiki a wani asibitin yara, ta kamu da ciwon ido saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Ga kuma ƙyamar Yahudawa tana ƙara ƙamari. Wannan ya sa suka yi ƙaura zuwa Amurka a 1922, suka kama aiki a wata cibiyar binciken cutar daji da ke Buffalo, a jihar Niyok.

Bincike da Gwagwarmaya

A Buffalo ne suka fara bin sawun sukari a jikin dabbobi, suna aunawa daki-daki. A 1929 suka bayyana abin da ake kira Zagayen Cori. Bayaninsa shi ne: idan tsoka ta yi aiki mai tsanani, kamar gudu, sai ta farfasa gilaikojin ɗinta domin samun ƙarfi, ta bar wani sinadari mai suna laktet. Jini zai kwashi laktet ɗin zuwa hanta, hanta ta mayar da shi gulukos, sannan jini ya komar da shi ga tsoka. Ta haka jiki ke sake amfani da abin da a da ake ɗauka shara ce.

Duk da wannan nasara, Gerty ba ta samu martabar da ta dace da ita ba. Shugaban cibiyar ya taɓa yi mata barazanar kora muddin ba ta daina aiki da mijinta ba. Jami'o'i da dama sun nemi Carl, amma ba su da gurbi ga matarsa, shi kuwa ya ƙi rabuwa da abokiyar bincikensa. A 1931 suka koma Jami'ar Washington da ke St. Louis, inda aka naɗa shi shugaban sashe, ita kuma aka ɗauke ta mataimakiyar bincike a kan kashi ɗaya bisa goma na albashinsa. Sai a 1947 ta zama cikakkiyar farfesa.

A cikin waɗannan shekaru ne suka yi aikinsu mafi girma. A 1936, shekarar da ta haifi ɗansu tilo, suka gano a tsokar kwaɗo wani sinadari, gulukos mai ɗauke da fosfet, wanda shi ne abu na farko da ke fita idan an fara warware gilaikojin. Daga nan suka gano inzayim ɗin da ke wannan aiki, suka kira shi fosforiles. Inzayim wani furotin ne da ke gaggauta sauyin sinadarai a jiki. A 1939 suka yi amfani da shi suka haɗa gilaikojin a cikin kwalbar gwaji, ba tare da jikin wata dabba ba.

A 1947 aka ba su rabin kyautar Nobel ta fannin likitanci, ɗaya rabin kuma aka ba Bernardo Houssay na Ajantina. Gerty ce mace ta farko da ta samu kyautar a wannan fanni, kuma ta uku a dukkan fannonin kimiyya, bayan Marie Curie da 'yarta Irène.

Rashin Lafiya da Rasuwa

A shekarar kyautar ce likitoci suka gano tana ɗauke da wata cutar ɓargo marar magani. Ta rayu shekara goma ana yi mata ƙarin jini, ba ta bar ɗakin gwaji ba. A wannan lokaci ta maida hankali ga yaran da ake haifa da cutar taruwar gilaikojin, waɗanda hantarsu kan kumbura, sukarin jininsu kuma ya riƙa faɗuwa. A 1952 ita da mijinta suka tabbatar da cewa rashin wani inzayim guda a hanta ne ke haddasa nau'in da ake kira cutar von Gierke. Wannan ya buɗe wa likitoci hanyar fahimtar cututtukan gado da dama, kuma har yau akwai wani nau'in cutar da ke ɗauke da sunan Cori. Ta rasu a ranar 26 ga Oktoba, 1957, tana da shekara 61.

Kammalawa

Gerty Cori ta bar ilimi, ta kuma bar almajirai. Mutum shida daga cikin waɗanda suka yi aiki a ɗakin gwajinsu sun samu kyautar Nobel daga baya, cikinsu har da Severo Ochoa da Arthur Kornberg da Earl Sutherland. Ga mai shirin zama malami, tarihinta na nuna cewa ɗalibar da tsarin makaranta ya tauye tun farko tana iya kaiwa ƙololuwar ilimi idan ta samu hanya, kuma darajar malami kan bayyana a cikin waɗanda ya yaye.

Auna Fahimta

1. Mene ne bambancin sitaci da gilaikojin?
2. Yi bayanin Zagayen Cori a taƙaice.
3. Kawo matsaloli uku da Gerty Cori ta fuskanta a rayuwarta.