Tarihin Odd Gleditsch, mai kantin fenti da ya kafa kamfanin Jotun

Yau filinmu na tarihin shahararrun 'yan kasuwa ya leƙa ƙasar Norwe da ke can arewacin Turai, domin mu kawo muku labarin wani mutum mai suna Odd Gleditsch, wanda ya fara da kantin sayar da fenti, ya kuma bar wa duniya kamfanin Jotun, ɗaya daga cikin manyan masu yin fentin jiragen ruwa da na masana'antu. Abin da ya ja hankalinmu a tarihinsa shi ne, sana'ar da ta ɗaga shi ta mutu tun yana da rai, amma kamfaninsa bai bi ta kabari ba.

An haifi Gleditsch a shekarar 1895, kuma a garin Sandefjord da ke bakin teku ya yi rayuwarsa ta kasuwanci. A wancan zamani arzikin garin ya rataya ne ga farautar wata ƙatuwar dabbar teku da ake kira wel, wadda mafi girma a cikin jinsinta ta ninka giwa sau da yawa. Ana narka kitsenta a sami mai, a yi sabulu da man shafa wa burodi. Kowace shekara jirage kan tashi daga nan, su nausa kudu har yankin ƙanƙara na Antatika, su yi watanni suna farauta sannan su dawo. Da ƙuruciyarsa shi ma ya bi waɗannan jirage neman abin kansa.

A nan ne ya ga abin da na tudu ba ya gani. Ruwan gishiri babban abokin gaban ƙarfe ne, tsatsa kan cinye jikin jirgi a hankali har ta huda shi. Daga ƙasa kuma gansakuka da ƙananan halittun ruwa masu ɓawo kan manne, su yi wa jirgi nauyi, gudunsa ya ragu, ya riƙa shan mai fiye da ƙima. Maganin duka biyun shi ne fenti mai kyau, kuma ba shafa ɗaya ake yi a huta ba, duk lokacin da jirgi ya dawo gida sai an kankare an sake.

Da ya bar teku, sai ya buɗe kantin fenti a Sandefjord a shekarar 1920. Tun da ya san masu jiragen, ya kuma san irin wahalar da ƙarfe ke sha a can, ba a jima ba ya zama mai kai wa jiragen farauta kaya a garinsu da kuma garuruwan Larvik da Tønsberg da ke maƙwabtaka. Sai dai har zuwa lokacin kayan wasu yake sayarwa, kuma duk ɗan kasuwa ya san mai sarin kayan wani ba shi da iko a kan inganci ko farashi.

Dama ta zo masa ne sa'ad da wata masana'antar mai da ke Gimle, a gefen garin, ta karye. A watan Maris na 1926 ya gayyaci jama'a su sayi hannun jari, aka tara kurona 60,000, wato kuɗin ƙasar Norwe, aka kafa kamfanin Jotun Kemiske Fabrik, aka saye masana'antar, shi kuma ya zama shugaba. Kalmar Jotun suna ne na wasu ƙattai a tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai na da. Tambarin da aka san kamfanin da shi kuwa, tsuntsun ƙanƙara ne da ake kira fengwin, wanda ke tuna wa jama'a alaƙarsa da tekun kudu.

A 1931 ya sayi haƙƙin yin wani fenti mai hana tsatsa da ake kira Arcanol, wanda ya sa sunan kamfanin ya shiga bakin masu jirage. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1951, ya gina sabuwar masana'anta a Gimle, ya ware babban wuri domin masu bincike da gwaje-gwaje. Ya kuma shiga yin fentin gidaje, ta yadda ko jirage ba su saya ba, magidanta za su saya.

Wannan hangen nesa ya yi rana. An yi ta kashe dabbar wel babu ƙaƙƙautawa har ta yi ƙaranci, farautar ta daina biyan kuɗin tafiya. A 1968 jiragen Norwe suka yi zuwansu na ƙarshe Antatika, masu ciniki na farko da Gleditsch ya samu suka watse ke nan. Amma kafin wannan rana, Jotun ya riga ya kama manyan jiragen dakon kaya da na man fetur, ya kuma sa ƙafa a ƙetare.

Abin da zai ba wasunmu mamaki shi ne, masana'antar farko da Jotun ya kafa a wajen Norwe a nan Afirka ce, a ƙasar Libiya, cikin 1962, zamanin Sarki Idris. An gano man fetur mai yawa a ƙasar a 1959, gine-gine suka tashi, ana neman fenti ko'ina. Ɗansa, wanda shi ma sunansa Odd Gleditsch, shi ne ya ja gaban wannan fita, ya kuma karɓi ragamar kamfanin a 1967. Dabarar ita ce, maimakon a yi ta loda gwangwanaye daga Turai ana biyan kuɗin dako da na kwastan, gara a je inda mai saye yake, a yi kayan a gabansa daidai da zafi da ƙurar ƙasarsa. Da wannan dabara aka buɗe masana'anta a Tailan a 1968, sannan a Dubai a 1975.

A gida kuwa gasa ta yi tsanani tsakanin masu yin fenti, kowa na karya farashi, riba na zubewa. Saboda haka a 1972 manyan kamfanoni huɗu na ƙasar suka haɗe wuri guda ƙarƙashin sunan Jotun, abokan hamayya suka zama abokan tarayya.

Jarrabawa mafi girma ta zo ranar 15 ga Satumba, 1976, lokacin da gobara ta tashi a masana'antar Gimle, mutum 6 suka rasa rayukansu, ginin ya ƙone. Gleditsch yana da shekaru 80 a duniya ya ga wurin da ya fara ya zama toka. Kamfanin bai durƙushe ba, aka sake gini, aka ci gaba da aiki. Ya rasu a 1990 yana da shekaru 94.

Har yanzu hedkwatar Jotun na Sandefjord, kuma zuriyarsa ce ke da rinjayen murya a kamfanin, yayin da kamfanin Orkla na Norwe ke riƙe da sama da kashi 40 cikin 100 na hannun jari. Ana sayar da kayansa a ƙasashe fiye da 100, ma'aikatansa sun haura 10,000, kuma an yi amfani da fentinsa a dogon benen nan na Burj Khalifa da ke Dubai. Shekarar 2026 ce cikarsa shekaru 100 da kafuwa.

To 'yan'uwa 'yan kasuwa, mu da abincinmu ke kan iyaka mun san yadda hanya kan toshe dare ɗaya. Gleditsch ya san kayansa, ya san mai sayensu, kuma tun kasuwar farko na ci ya nemi ta biyu, bai jira ta watse ba. Allah Ya sa wa nemanmu albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.