JOSEPH GOMWALK: GWAMNAN DA YA KEƁE WA NAMUN DAJI MAFAKA

Ɗalibai, idan kun taɓa zuwa Jos, wataƙila an kai ku Gandun Namun Daji da ke gefen gari, kuka ga zaki da kura da jimina da birai. A wannan darasi za ku karanta tarihin mutumin da aka kafa gandun a zamaninsa, wato Joseph Dechi Gomwalk, gwamnan farko na Jihar Binuwai-Filato. Za ku kuma ga dalilin da ya sa ƙasar da ta shahara da farauta ta bukaci wurin da aka hana farauta.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Gomwalk ran 13 ga Afrilu, 1935. Shi ɗan ƙabilar Angas ne, waɗanda ke kiran kansu Ngas, daga yankin da yanzu yake Ƙaramar Hukumar Kanke a Jihar Filato. Ya yi karatun sakandare a makarantar maza ta Gindiri. Daga baya ya tafi Jami'ar Ibadan, inda ya sami digiri a fannin ilimin dabbobi. Ku riƙe wannan a zuciya, domin zai taimake ku fahimtar ayyukansa. Mai ilimin dabbobi yana nazarin abincin dabba, da mazauninta, da lokacin haihuwarta, da abin da ke sa ta yawaita ko ta ƙare.

Bayan ya gama karatu ya yi aikin gwamnati a Jihar Arewa, sa'an nan ya koma aikin 'yan sanda. Ran 27 ga Mayu, 1967, Shugaban Ƙasa Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jiha goma sha biyu. Aka naɗa Gomwalk gwamnan Binuwai-Filato, mai hedkwata a Jos. Shekarunsa 32 kawai a lokacin. Jihar tana da faɗi ƙwarai, domin ta haɗa ƙasar da a yau ta zama jihohin Filato da Binuwai da Nasarawa.

Farauta a ƙasar Filato

Kafin ku gane aikinsa, sai ku san matsayin farauta a wannan ƙasa. Tun kaka da kakanni, farauta babbar al'ada ce a wurin mutanen duwatsun Filato. Da rani ake yin ta, bayan an gama girbi. Ƙauyuka sukan fita tare, da masu da kwari da baka da karnuka. Birom sun yi suna wajen farauta a kan ƙananan dawakansu masu jimirin hawan dutse. Wanda ya kashe babbar dabba, kamar damisa, yakan sami girma a idon jama'a.

Haka abin yake a ƙasar Hausa. Akwai maharbi, wanda harbi sana'arsa ce, yana shiga daji shi kaɗai da baka ko bindiga. Akwai kuma 'yan farauta, masu fita ƙungiya da karnuka da gora da kiɗa. Shugaban maharba shi ne Sarkin Baka. Maharba sun san sawun kowace dabba, sun san itatuwan magani, kuma su ne ke kare ƙauye idan kura ko zaki ya addabi dabbobin gida.

A da, mutane ba su da yawa, daji kuma yana da faɗi. Farauta tana da lokacinta. Idan damina ta sauka kowa ya koma gona, dabbobi su sami sukunin hayayyafa. Amma a ƙarni na 20 al'amura suka sauya. Turawa suka buɗe ma'adinan kuza a Jos da Bukuru, ma'aikata suka kwararo daga ko'ina. Aka sare itatuwa domin girki da gini, gonaki suka cinye daji, bindigogi suka yawaita. Naman daji ya zama hajar kasuwa. Barewa da gwanki da ɓauna, waɗanda a da ake gani kusa da gari, suka yi ta ja da baya.

Abin da ya faru a Amurka

Wannan matsala ba a Nijeriya ta fara ba. A farkon ƙarni na 19 akwai miliyoyin ɓaunar Amurka a filayen ƙasar. 'Yan asalin ƙasar suna farautarta domin nama da sutura da tanti. Da jirgin ƙasa ya ratsa filayen, maharba 'yan kasuwa suka shiga kashe ta saboda fatarta. Kafin shekarar 1890, 'yan ɗaruruwa kawai suka rage a daji.

Abin lura shi ne, maharba suna cikin waɗanda suka tashi gyara ɓarnar. Theodore Roosevelt, wanda ya shugabanci Amurka daga 1901 zuwa 1909, gwanin farauta ne. A 1903 ya keɓe wani ɗan tsibiri a Jihar Fulorida domin tsuntsaye, musamman kwasakwasa. A 1937 aka yi dokar da ta ce harajin bindigogi da harsasai a kashe shi wajen kula da namun daji. Tun kafin haka, a 1872, Amurka ta kafa gandun Yellowstone. Hikimar ita ce a bar wa dabbobi wani yanki su hayayyafa, a sa wa farauta lokaci da iyaka a sauran wurare.

Gandayen da aka kafa a zamaninsa

A 1972, shekara ɗari daidai bayan Yellowstone, gwamnatin Gomwalk ta kafa Gandun Namun Daji na Jos. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 8, da duwatsu da ƙoramu da itatuwa. Amfaninsa biyu ne. Na farko, dabbobi sun sami mafaka. Na biyu, yaron da aka haifa a birni ya sami damar ganin dabbobin da kakanninsa suke ba da labari.

A shekarar ce kuma aka keɓe dajin Pandam a kudancin jihar, wanda faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 200. A cikinsa akwai tafki inda dorina da ayu suke zaune. Ayu dabbar ruwa ce mai cin ciyawa, tana shayar da ɗanta nono, kuma ba ta haihuwa da yawa. Saboda haka idan aka matsa mata da farauta, nan da nan take ƙarewa. A irin wannan gandu ba a yarda a yi harbi ko a ɗana tarko ko a cinna wa daji wuta ba.

Sauran ayyukansa

Gomwalk ya mai da hankali ga ilimi da yaɗa labarai. Ya nemi Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe reshe a jiharsa, abin bai yiwu ba. Sai ya juya ga Jami'ar Ibadan, wadda ta buɗe reshenta a Jos a watan Nuwamba na 1971. Wannan reshe ne ya zama Jami'ar Jos a 1975. A 1972 kuma ya kafa jaridar Nigeria Standard.

Ƙarshen rayuwarsa

Mulkinsa bai rasa suka ba. A 1974 wani ɗan jihar mai suna Aper Aku ya yi rantsuwa a kotu yana zarginsa da almundahana, amma Gowon ya wanke shi. Ran 29 ga Yuli, 1975, sojoji suka kifar da gwamnatin Gowon, Janar Murtala Muhammed ya hau mulki, aka sauke dukan gwamnoni. Binciken da aka yi ya sami goma daga cikin gwamnoni goma sha biyu da laifin almundahana, har da Gomwalk.

Ran 13 ga Fabrairu, 1976, aka kashe Murtala a Legas a yunƙurin juyin mulkin da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranta. Kotun soja ta sami Gomwalk da hannu a ciki. Aka harbe shi ran 15 ga Mayu, 1976, yana da shekara 41. Har yau akwai mutane da yawa a Filato da suke ganin ba a yi masa adalci ba. Sakatariyar gwamnatin jihar da ke Jos tana ɗauke da sunansa.

Gandayen da ya bari suna nan, amma suna fama da masu farauta a ɓoye, da masu sare itace, da masu neman filin noma da gini. Gwamna yana iya shata iyakar gandu, amma jama'ar da ke kewaye da shi ne za su tsare shi. Ku ma kuna cikinsu. Idan kuka ga ana cinna wa daji wuta domin kama gafiya ɗaya, ku tuna da yawan dabbobi da itatuwan da wutar za ta cinye.

Ma'anar kalmomi

gandu: babban fili da aka keɓe domin wani amfani
mafaka: wurin ɓuya daga haɗari
maharbi: mai sana'ar harbin namun daji
kuza: ma'adinin da ake haƙowa a ƙasar Jos
almundahana: cin dukiyar jama'a ta hanyar da ba ta dace ba

Tambayoyi

1. Wane fanni Gomwalk ya karanta a jami'a?
2. Kawo dalilai uku da suka sa namun daji suka ragu a Filato.
3. Me ya kusa ƙarar da ɓaunar Amurka?
4. Waɗanne gandaye biyu aka kafa a 1972?
5. Rubuta jimla biyar a kan yadda ake farauta a garinku.