TARIHI: Sa'adu Zungur, malamin Bauchi da ya je Legas ya dawo wa Arewa da gargaɗi

Ranar 28 ga Janairu, 1958, Allah Ya yi wa Malam Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur rasuwa a Bauchi, yana da shekara arba'in da 'yan kai, saura ƙasa da shekara uku Najeriya ta sami mulkin kai. Bai riƙe sarauta ba, bai zama minista ba, kuma ya ƙare rabin rayuwarsa ta aiki yana jinya. Duk da haka, da wuya a ba da tarihin siyasar Arewa ko na rubutacciyar waƙar Hausa ba a fara da sunansa ba, domin yana cikin na farko da suka fito fili suka gaya wa Turawa da sarakuna cewa tsarin da suke mulki da shi yana bukatar gyara.

An haife shi a birnin Bauchi a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, a gidan limamai da malamai. Tun yana yaro ya sha karatun Alƙur'ani da fikihu da nahawu, har Larabci ya zauna masa a baka. Bayan makarantar boko ta Bauchi, ya shiga Kwalejin Katsina a 1929, inda Turawa ke horar da malamai da ma'aikatan En'e. A 1934 ya wuce Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas, kuma shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga makarantar.

A wancan zamani, zuwa Legas tamkar fita ƙasar waje ne ga ɗan Arewa. An haɗe Kudu da Arewa tun 1914, amma Turawa sun ci gaba da tsare kowane ɓangare da irin dokokinsa, suna kuma ƙyamar duk abin da zai kawo wa Arewa iskar siyasar Kudu. A Legas Sa'adu ya tarar da jaridu suna sukar Gwamna a fili, lauyoyi suna ja da hukuma a kotu, matasa suna kafa ƙungiyoyi ba tare da neman iznin kowa ba. Bai kammala karatu a Yaba ba, amma ya dawo da abin da ya gani.

Ya koma fannin kiwon lafiya, ya yi karatu a Makarantar Tsabta ta Kano, ya zama malami a cikinta, daga baya aiki ya kai shi Zariya. A can ya soma tara matasa 'yan boko ana tattauna al'amuran ƙasa, da sunan adabi da zumunci, tun da ba a yarda da jam'iyyar siyasa a Arewa ba. Ana cikin haka ciwon huhu ya kama shi, ya tilasta masa barin aiki ya koma gida.

Komawarsa Bauchi ta zo daidai da lokacin da Malam Aminu Kano ke koyarwa a Makarantar Midil ta garin, tare da Malam Abubakar Tafawa Balewa. A 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi da yardar hukuma, Sa'adu ne sakatarenta, kuma Turawa da ma'aikatan En'e suna halarta. Da mahawara ta kai ga tsarin mulki ta hannun sarakuna da batun albashin sarki, sai aka ga abin ya wuce gona da iri, aka rufe majalisar. Sa'adu da abokansa suka kafa wata ƙungiyar ta neman ci gaban Bauchi, wadda ba ta ƙarƙashin kowa. Shi ne ya fi kowa tasiri a tunanin Malam Aminu Kano, wanda ya ɗauke shi malami har ƙarshen rayuwarsa.

Makaminsa shi ne alƙalami. Yakan aika wa jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe rahotanni da Turanci, yakan kuma tsara waƙa da Hausa bisa ma'aunin arulin Larabci, kamar yadda malaman jihadi suka yi wa'azi da ita. A Waƙar Bidi'a ya soki al'adun da ya ga sun saɓa wa addini suna kuma cinye dukiyar talaka. A Maraba da Soja ya tarbi sojojin da suka dawo daga fagen daga na Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya tuna musu cewa wanda ya zubar da jini don 'yancin wasu ya cancanci 'yanci a gidansa. Da yake malami ne ɗan malamai, babu mai iya kore maganarsa da cewa ɗan boko ne da bai san addini ba.

Lokacin da jam'iyyar NCNC ta zaga ƙasa a 1946 tana adawa da tsarin mulkin Gwamna Richards, Sa'adu yana cikin 'yan Arewa ƙalilan da suka mara mata baya a fili. A 1948 ya sake komawa Legas, ya zama babban sakataren jam'iyyar na ƙasa. Yana kan wannan muƙami ya halarci taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna cikin Yunin 1949, aka naɗa shi mai ba ta shawara kan shari'ar Musulunci. Wannan ƙungiya ce daga baya ta rikiɗe ta zama NPC.

Ba shi kaɗai ne marubucin da ya nemi gyaran gida daga nesa ba. Shekara sittin kafin haka, wani likitan ido ɗan Filifin, José Rizal, ya yi irin wannan aiki daga Turai. Ya yi karatu a Madrid, aka buga littafinsa Noli Me Tángere a Berlin a 1887, inda ya tona zaluncin masu mulkin mallaka na Sifen. Abin da ya nema shi ne wakilci a majalisar Sifen da daidaito a gaban doka. Da ya koma gida a 1892 aka kore shi zuwa Dapitan, aka harbe shi a Manila ranar 30 ga Disamba, 1896. Ba a cika shekara biyu ba Sifen ta rasa tsibiran baki ɗaya. Sa'adu ma gyara ya nema tun kafin a kai ga rushewa, shi ma kuma masu iko sun ɗauke shi abokin gaba.

Zamansa na biyu a Legas ya nuna masa wani abin da bai gani ba a zuwan farko. Ya fahimci cewa Kudu ta yi nisa a ilimin zamani da aikin gwamnati, kuma 'yan siyasarta ba su da niyyar jiran Arewa, ba su kuma damu su san damuwarta ba. Ya bar muƙaminsa ya dawo gida. Daga wannan ɗacin rai ne fitacciyar waƙarsa, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, ta fito a farkon shekarun 1950. A cikinta ya yabi gadon Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sannan ya juya ga magadansa. Ya nemi a gyara kotunan alƙalai, a yaɗa ilimi, a ba talaka bakin magana, sarakuna su amince da sarauta mai iyaka irin ta Ingila. Ya kafa musu hujja da Indiya, inda bayan 'yanci a 1947 sarakuna suka rasa ƙasashensu, har da Nizam na Haidarabad mai tarin dukiya.

Waƙar ba ta gamsar da kowane ɓangare ba. Fada ta ji zafin sukar, su kuma masu zafin ra'ayi suka ga ya yi wa sarauta sassauci, har Alhaji Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da waƙar Arewa Jumhuriya Kawai. Duk da haka, jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta ɗebi akasarin manufofinta daga tunaninsa, kuma tare da 'yan Sawaba ya ƙare rayuwarsa, yana rubutu daga shimfiɗar jinya.

Bai rayu ya ga abin da ya biyo baya ba. A 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus. Bayan sojoji sun karɓi mulki a 1966, aka ƙwace kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya raba sarakuna da ragowar ikon gudanarwa. Mutanen Jalingo sun ga nasu kason a 1986, lokacin da Gwamnan soja na Jihar Gongola, Yohanna Madaki, ya tuɓe Sarkin Muri. Sai dai ikon da ya bar fada bai koma hannun talaka yadda Sa'adu ya so ba, ya koma hannun gwamnoni ne, kuma koke kan shari'a da makaranta da ya yi tun kafin 'yanci har yau bai tsufa ba.

A 1974 Ɗandatti Abdulƙadir ya wallafa littafi kan rayuwarsa da waƙoƙinsa, waɗanda ake karantarwa a sassan Hausa na jami'o'i. Akwai zauren taro mai sunansa a Gidan Mambayya da ke Kano, jami'ar Jihar Bauchi da ke Gaɗau ma yanzu sunansa take amsawa. Allah Ya jiƙan Malam Sa'adu Zungur, Ya gafarta masa.