JOHN WESLEY: LIMAMIN DA YA FARA TUHUMAR KANSA

A farkon shekarar 1743 wani limamin Kirista ya sauka a garin Niyukasul da ke arewacin Ingila, ya tara mabiyansa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya. Kafin ya bar garin sai da ya soke sunayen mutum 64 daga cikin jama'ar. Goma sha bakwai saboda buguwa da giya, uku saboda ƙarya, huɗu saboda zage-zage da yi da mutane, ɗaya saboda dukan matarsa, ashirin da tara kuma saboda sun ɗauki al'amarin addini abin wasa. Sauran ma kowa da laifinsa a rubuce. Wannan limami shi ne John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Metodis. Mai karatu zai ce wannan mutum akwai tsanani, kuma bai yi ƙarya ba. Amma fa tsananin da ya yi wa kansa ya fi wanda ya yi wa kowa.

An haife shi a ƙauyen Epworth cikin watan Yuni na 1703. Ubansa Samuel shi ne limamin cocin Angilika na ƙauyen. Uwarsa Susanna ta haifi 'ya'ya goma sha tara, da yawansu sun rasu tun suna jarirai. Mace ce mai ƙa'ida ƙwarai, ta ware wa kowane ɗa lokacinsa a mako, za ta zauna da shi su biyu ta tambaye shi halin da zuciyarsa take ciki. Daren Alhamis shi ne na John. Yana da shekara biyar gobara ta kama gidansu da dare, kowa ya fita sai shi. Wani mutum ya hau kafaɗar wani aka jawo yaron ta taga, jim kaɗan rufin ya rufta. Bai manta da wannan dare ba har ya mutu.

Ya shiga Jami'ar Oksfod a 1720, aka naɗa shi limami a 1728. A shekarar 1729 ya karɓi shugabancin wata 'yar ƙungiya da ƙanensa Charles ya fara. Sukan yi azumi ran Laraba da Juma'a, su ziyarci fursunoni da marasa lafiya, su karanta Littafi Mai Tsarki tare. 'Yan makaranta suka yi ta yi musu ba'a, suka laƙaba musu suna Metodis, watau masu yin kome bisa tsari, sunan kuwa ya bi su. A wannan zamani John yana da ɗan littafi da yake rubuta abin da ya yi a kowace awa, da wani rubutu na ɓoye don kada wani ya karanta. Har maki yake ba kansa, daga ɗaya zuwa tara, a kan yadda zuciyarsa ta natsu ga ibada. Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba.

A ƙarshen 1735 ya shiga jirgin ruwa zuwa Jojiya ta Amurka, da niyyar yi wa mutanen ƙasar na asali wa'azi. A tsakiyar teku hadiri ya taso, ruwa ya yi ta kwarara cikin jirgi, Turawan Ingila suna ta kururuwa. Wasu Kiristoci 'yan Jamus da ake kira Morabiya kuwa suka ci gaba da waƙarsu ta ibada, har mata da yara. John ya duba kansa ya ga shi limami ne amma tsoron mutuwa ya cika shi. Da suka sauka, wani shugaban Morabiya mai suna Spangenberg ya tambaye shi ko ya tabbata a ransa cewa Almasihu ya cece shi. Ya amsa da cewa ya tabbata. Da ya koma masauki sai ya rubuta a littafinsa cewa yana tsoron amsar nan fatar baki ce kawai.

Zaman Jojiya bai yi kyau ba. Wa'azin da ya je yi bai samu ba, sai limancin Turawan garin Savannah, su kuma suka gaji da tsananinsa. Ga kuma maganar wata budurwa, Sophia Hopkey, wadda yake so amma ya kasa yanke shawara, har sai da aka jefa ƙuri'a a kan ko ya aure ta. Yarinya ta gaji da jira ta auri wani. Bayan 'yan watanni John ya hana ta Jibin Ubangiji a gaban jama'a, watau gurasa da ruwan inabin da Kirista suke karɓa a coci. Ya kawo dalilai na dokar coci, amma mutanen gari ba su ga kome ba sai kishi, kuma da wuya a ce sun yi kuskure gaba ɗaya. Mijinta ya kai ƙara yana neman diyyar fam dubu. A watan Disamba na 1737 John ya sulale da dare ya bar garin. A hanyar komawa gida ya rubuta cewa ya tafi ya tubar da wasu, alhali shi kansa yana bukatar mai tubar da shi.

Ran 24 ga watan Mayu, 1738, ya je wani taro a titin Aldersgate a Landan, ba da son ransa ba. Ana karanta bayanin Martin Luther a kan wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa. Wajen ƙarfe tara saura kwata na dare ya ji wani ɗumi a zuciyarsa, ya sakankance an gafarta masa zunubansa saboda bangaskiya, ba saboda yawan azumi da lissafin awoyi ba. Mabiyansa suna tunawa da ranar har yanzu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne shakka ba ta rabu da shi a ranar ba. A 1766, yana da shekara wajen sittin da uku, dubban mutane na binsa, ya rubuta wa Charles wasiƙa yana cewa a ganinsa bai taɓa ƙaunar Allah yadda ya kamata ba.

Tun ƙarshen 1738 ya tsara wa jama'arsa ƙananan ƙungiyoyi na mutum biyar ko shida, maza daban mata daban, masu aure daban gwagware daban. Kafin a karɓi mutum sai an tambaye shi ko ya yarda a faɗa masa aibinsa ƙiri-ƙiri ba tare da kwana-kwana ba. Kowane mako za su zauna, kowa ya faɗi zunubin da ya san ya yi tun zaman da ya wuce, da jarabar da ta same shi, da yadda ya kuɓuta, da abin da ya yi wanda yake shakka ko zunubi ne, sa'an nan a tambaye shi ko akwai abin da yake ɓoyewa. Shugaban zama shi ne zai fara tona kansa, kafin ya tambayi kowa. Abokan gaba suka ce ya shigo da al'adar 'yan Katolika ta bayan gida. Ya amsa da cewa a nan ba limami ake faɗa wa ba, 'yan'uwa ne suke faɗa wa juna, su yi wa juna addu'a.

Tsarin da ya fi yaɗuwa kuwa bashi ne ya haife shi. A watan Fabrairu na 1742 jama'ar Biristol suka zauna a kan bashin ɗakin taron da suka gina. Wani mai suna Kyaftin Foy ya ce kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako. Aka ce wasu ba su da ko kwabon. Ya ce to a ba shi matalauta goma sha ɗaya, zai riƙa zagaya su, wanda ya kasa shi zai biya masa. Aka kasa jama'a sha biyu sha biyu, kowane kashi da shugabansa. Masu karɓar kwabo suka fara dawowa da labari: wane yana shan giya, wane ba ya ga maciji da maƙwabcinsa, wance tana kwance ba mai dubawa. Nan take Wesley ya gane ya sami abin da ya daɗe yana nema. Aka mai da kason nan aji mai zama kowane mako, kuma duk wata uku sai an sabunta wa mutum katinsa. Wanda aka hana kati ya san an sallame shi, ko da yake ƙofa a buɗe take in ya gyara. A garin St Ives ya tarar a 1753 kusan duk mabiyansa suna cinikin kayan fasa-ƙwauri, ya ce ko su bari ko kada su ƙara ganin fuskarsa.

Tun 1739 yake wa'azi a fili, ga masu haƙar kwal da leburori waɗanda ba su zuwa coci. An jefe shi, an ja shi a titi a Wednesbury. An ƙiyasta ya yi tafiyar mil dubu 250, galibi a kan doki, ya yi wa'azi wajen dubu 40. Littattafansa sun kawo kuɗi mai yawa, ya rabar. Da ma'aikatan haraji suka tambaye shi kayan azurfarsa a 1776, ya ce cokali huɗu ne, biyu a Landan biyu a Biristol. Yana da shekara tamanin da ɗaya ya bi titunan Landan cikin ƙanƙara yana roƙo, ya tara wa matalauta fam ɗari biyu.

A gidansa ne dai tsarin ya gaza. Ya auri wata gwauruwa, Mary Vazeille, a 1751, bayan ya riga ya ƙudura cewa aure ba zai rage masa tafiya ko ta yini ɗaya ba. Ta yi kishin wasiƙun da yake rubuta wa matan jama'arsa, tana buɗe su tana karantawa. Shi kuma wasiƙun da ya rubuta mata cike suke da lissafin laifuffukanta, nasa kuwa kaɗan ne a ciki. Mutumin da ya koya wa dubbai su saurari aibinsu bai iya sauraron matarsa ba. Ta yi yaji sau da yawa, daga baya ta tafi gaba ɗaya. Da ta rasu a 1781 sai bayan kwanaki labari ya iske shi. Ba su haihu ba.

Ya rubuta littafi na sukar cinikin bayi a 1774, kuma wasiƙarsa ta ƙarshe ga William Wilberforce ya aika ta, yana ƙarfafa shi kada ya saki yaƙi da bauta. Bayan kwana shida ya rasu a Landan, ran 2 ga watan Maris, 1791, yana da shekara tamanin da bakwai, ya bar mabiya sama da dubu 70 a Birtaniya da Ailan. Ya yi wasiyya kada a yi masa jana'izar alfarma, matalauta shida su ɗauki gawarsa a ba kowannensu fam ɗaya. Bayan shekara hamsin da ɗaya, cikin watan Satumba na 1842, wani limamin ɗariƙarsa, Thomas Birch Freeman, ya sauka a Badagry.